Babban Keke a Ƙasar Hausa: Tarihin Shigowarsa da Mallakarsa da Gyaransa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kayayyakin da suka shigo ƙasar Hausa a zamanin mulkin Turawa, kaɗan ne suka ratsa rayuwar talaka kamar yadda keke ya ratsa ta. Jirgin ƙasa na hukuma ne, mota kuwa ta daɗe tana hannun sarakuna da attajirai. Keke shi ne abin hawa na zamani na farko wanda malamin makaranta da ɗan koli da manomin gyaɗa suka iya saya da guminsu, su jingine a zaure, su kuma bar wa magada.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin nau'i guda na keke, wanda jama'a ke kira babban keke, wato baƙin keken nan mai dogayen tayoyi da birkin sanda, wanda mahayinsa ke zama a miƙe kamar mai hawan doki. Za a dubi asalinsa da hanyar da ya bi ya shigo Nijeriya, sannan a dubi yadda aka mallake shi da yadda aka riƙa gyara shi. Abin da ake son nunawa shi ne, wannan keke ya daɗe a ƙasar Hausa ne saboda ya zo da siffar da mai gyara na bakin hanya zai iya sarrafawa. Sai dai ƙwarewar da aka samu ta tsaya ga gyara, ba ta kai ga ƙira ba. Saboda haka bayan shekaru fiye da 100, rayuwar keken manomi tana rataye ga tashar jiragen ruwa da kuma darajar naira.

1.1 Kalmar Keke

Masana harshe sun nuna cewa Hausa ta aro kalmar keke daga Yarabanci, inda take nufin abu mai juyawa ko mai ƙafafun gungurawa. Wannan aro ya yi daidai da hanyar da kayan ya biyo, domin daga Legas ya hauro Arewa. Akwai kuma kalmar basukur wadda aka aro daga Ingilishi, amma ba ta yi ƙarfin keke ba. Da kalmar ta zauna sai Hausawa suka faɗaɗa ma'anarta, aka sami keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu. Sunayen sassansa kuwa sun kasu biyu. Wasu an ɗauko su daga abin da aka sani tun da, kamar sirdi da ƙararrawa da fitila da kaca da goyo. Wasu kuma aro ne aka yi musu kwaskwarima, kamar birki da feda da kariya da madigadi da bawul da boris da faci. Kirarin da ake yi masa na dokin ƙarfe ya nuna gurbin da Bahaushe ya ajiye shi tun farko.

2.0 Asalin Babban Keke da Siffarsa

Siffar keken da aka sani yau ta samo asali ne a Ingila. A shekarar 1885 John Kemp Starley na garin Coventry ya fito da keken da ya kira Rover, mai ƙafafu biyu kusan tsayi ɗaya, wanda kaca ke juya ƙafarsa ta baya. Kafin wannan, kekunan da ake yayi masu ƙatuwar ƙafar gaba ne, hawansu da wuya, faɗuwa daga kansu kuma da haɗari. A shekarar 1888 John Boyd Dunlop ya fito da tayar roba mai ɗaukar iska. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ita ta mai da keke abin hawan kowa.

A ƙarshen shekarun 1880 Frank Bowden ya sayi wani ƙaramin wurin ƙera keke da ke titin Raleigh a garin Nottingham, daga nan kamfanin Raleigh ya samo sunansa. A 1910 aka kafa kamfanin Hercules a Birmingham. Akwai kuma Humber da Rudge da Phillips da BSA. Sannu a hankali manya suka haɗiye ƙanana: Raleigh ya sayi Humber a 1932, da Rudge a 1943, da sashen keke na BSA a 1957. A 1960 shi kansa Raleigh ya shiga hannun kamfanin Tube Investments, wanda ya riga ya mallaki Hercules da Phillips. Ke nan a farkon shekarun 1960, yawancin sunayen da ake gardama a kansu a kasuwannin Kano da Zariya gida ɗaya suke komawa.

Siffar babban keke ba ta sauya sosai ba tun farkon ƙarni na 20. Tayarsa inci 28 ce a tsayi, faɗinta kuma inci ɗaya da rabi. Gangar jikinsa bututun ƙarfe ce mai kauri, nauyinsa yakan kai kilo 20 ko kusa da haka. Birkinsa sanduna ne na ƙarfe da suka taso daga hannu suka gangara, idan an matsa sai su jawo roba ta kama cikin rim. A al'adar masana'antun Ingila ƙafar gaba tana ɗauke da waya 32, ta baya kuma 40, domin a baya nauyi yake. Wasu suna da gidan kaca wanda ya rufe ta ruf. Ko da yake tun 1902 aka ƙirƙiro giya mai hawa uku ta Sturmey-Archer, kekunan da suka fi yaɗuwa a karkara masu giya ɗaya ne. Domin kasuwannin Afirka da Asiya, an riƙa ƙera wasu da sanda biyu a sama maimakon ɗaya, saboda an san za a ɗora musu kaya.

Kowace ɗaya daga waɗannan siffofi ta dace da ƙasar Hausa, ko da ba don ita aka yi ta ba. Doguwar taya ta fi jure rairayi da ramuka. Gidan kaca yana kare ta daga ƙurar hunturu, yana kuma hana ta cin bakin wando ko babbar riga. Zaman miƙe ya ba dattijo damar hawa da rigarsa da hularsa ba tare da zubar da girma ba. Babban aibin birkin sanda shi ne rashin kamawa idan rim ya jiƙe, amma a ƙasar da rani ya fi damina tsawo wannan aibi bai dami jama'a ƙwarai ba.

3.0 Shigowar Keke Nijeriya

Keke ya fara bayyana ne a garuruwan bakin teku a hannun Turawan mulki da 'yan mishan da 'yan kasuwa. Hanyar Arewa ta buɗe masa sosai da layin dogo ya iso Kano a 1911. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa, sai ya zama jirgin da ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu zuwa Legas shi ne yake dawowa da atamfa da gishiri da kananzir da kekuna. Kamfanonin da ke sayen amfanin gona su ne kuma masu shigo da kaya, irin su John Holt da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis da CFAO da SCOA, da kuma UAC wanda aka kafa a 1929. Kamfani yakan riƙe wakilcin wani suna na keke, ya sayar wa manyan dillalai, su kuma su rarraba wa ƙanana har kaya ya isa kasuwar ƙauye. Ta haka kuɗin da manomi ya karɓa da kaka yakan koma kantin da ya fito.

Ba a tsaye ake shigo da kekunan ba. A wargaje suke zuwa cikin akwatunan katako, domin a rage kuɗin jirgi, sai an iso nan a ɗaura wayoyi, a zuba boris, a daidaita birki. Wannan aiki na harhaɗawa shi ne makarantar farko ta masu gyaran keke. Yaron da ya ɗaura ƙafafu ɗari a bayan kanti ba ya bukatar wani ya koya masa yadda ake miƙe ƙafar da ta karkace.

Da yake yawancin masu saye ba su karanta boko ba, da tambari ake gane kaya. Raleigh, wanda Hausawa ke kira Rali, yana da kan zalɓe a goshinsa. Rudge yana da tafin hannu, Phillips yana da zaki, BSA kuwa bindigogi uku. Masu talla sun san da haka. Sanannen hoton tallan Raleigh a Afirka ya nuna wani mutum a kan keke yana murmushi, zaki na bin sa a guje bai cim masa ba. Ba a bukatar karatu kafin a fahimci saƙon.

Ba Arewa kaɗai keke ya kama ba. A Gabashin Nijeriya, tun shekarun 1930 'yan kasuwa suka riƙa ɗora garewanin manja a kan keke daga ƙauyuka zuwa wuraren saye, mata kuma suna hawa kamar yadda maza ke hawa. A ƙasar Hausa ya zama kayan maza, ya kuma shiga gasa da jaki, ba da ɗaukar kaya a ka kaɗai ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo cikas na farko. Masana'antun keke na Ingila, har da Raleigh, sun koma ƙera kayan yaƙi, kuma da Japan ta kama Malaya a 1942 roba ta yi wuya a duk daular Ingila. Sabon keke da sabuwar taya suka yi ƙaranci. Wannan ne karo na farko da masu keke a Nijeriya suka ga cewa abin da ya faru a wata nahiya yana iya jingine musu abin hawa. Bayan yaƙi Ingila ta matsa wa masana'antunta su sayar da kaya waje domin ta biya basussukanta, farashin gyaɗa da auduga kuma ya yi kyau. Shekarun 1950 da 1960 su ne lokacin da babban keke ya cika ƙasar Hausa.

4.0 Mallakar Keke

Rukunin farko na 'yan ƙasa da suka mallaki keke ma'aikata ne: malaman makaranta da malaman gona da malaman asibiti da duba-gari da masinjoji da 'yan doka da ma'aikatan gidan waya. Gwamnati da En'e sukan ba ma'aikaci bashin sayen keke a riƙa yanka daga albashinsa, wanda aikinsa ya ƙunshi yawo kuma a ba shi alawus na keke. Dalili shi ne kuɗin sabon keke ya kai albashin watanni da dama na ƙaramin ma'aikaci. Saboda haka a idon mutanen ƙauye keke ya fara zama alamar aikin hukuma da ilmin boko.

Rukuni na biyu su ne 'yan kasuwa da manoma. Ɗan koli mai jaki ba ya iya cin kasuwa mai nisa ya kwana gida. Mai keke kuwa yana iya sammako ya ci kasuwa irin ta Wudil ran Juma'a ko ta Maigatari ran Alhamis, ya dawo kafin isha. Keke ba ya cin dusa, ba a yi masa kiwo, ba ya ɓarna a gonar maƙwabci. Manomi yakan saya da kaka bayan ya sayar da gyaɗa ko auduga, wani kuma ya jira kwasar adashi. Idan abinci ya yanke da damina, ko hidimar aure ko suna ta taso, sai a kai keken kasuwa. Ta wannan fuska keke ya zama ajiya kamar akuya ko tunkiya, kuma wannan ne ya sa ake fifita sunan da ba ya faɗuwa a hannun dillali. Mutum yakan ƙara kuɗi ya sayi Rali domin ya san ranar sayarwa ba zai yi asara mai yawa ba.

Mallakar keke tana da ƙa'idojinta. En'e takan karɓi kuɗin lasin kowace shekara, ta ba da 'yar lamba a maƙala a jikin keke, 'yan doka kuma suna kama wanda ba shi da ita ko wanda ya hau da dare babu fitila. Kowane keke yana da lambar da aka buga a jikin ƙarfensa tun daga masana'anta, ita ake rubutawa a rasit. Saboda yawan sata, mai keke yakan adana rasit kamar takardar gona. A kasuwa akwai fagen 'yan keke, inda dillali ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya karɓi la'ada, ya kuma zama shaida idan rigima ta taso.

Wanda bai kai ga mallaka ba yana da hanyar haya. Masu hayar keke sukan jera kekunansu a gindin bishiya ko bakin kasuwa, a biya gwargwadon lokaci ko nisan tafiya. A nan samarin birni da na ƙauye suka koyi hawa, a nan kuma masu ƙaramin jari suka sami sana'a, domin mai keke biyu yana iya tara na uku daga kuɗin haya. Duk da haka burin kowa ya sami nasa, don Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Adon da ake yi wa keke ya tabbatar da kirarinsa. Akan bar takardar da masana'anta ta naɗe ƙarfen da ita har ta tsufa, ko a naɗe shi da leda mai launi. Akan ƙara madubai da tuntaye da rigar sirdi, a wanke shi a goge kamar yadda ake yi wa doki kafin hawan salla. Mutumin da asalinsa bai ba shi doki ba, kuɗin gyaɗarsa sun ba shi abin da zai yi wa kwalliya ya fita da shi.

5.0 Gyara da Masu Gyara

Babban abokin gaban mai keke a ƙasar Hausa shi ne ƙaya, musamman tsidau da ke shimfiɗe a kan turba. Saboda haka sana'ar ta fara ne daga faci. Mai faci yakan zare tif, ya hura masa iska, ya nutsa shi cikin kwanon ruwa har kumfa ta nuna inda hujin yake. Sai ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, ya manna guntun tsohon tif. Bawul ɗin irin wannan keke ma ɗan siririn bututun roba ne ke riƙe iskarsa, idan ya mutu a sake shi da kuɗi kaɗan. Taya idan ta yage akan ɗinke ta, a sa mata guntun wata tsohuwar taya daga ciki.

Sauran gyare-gyaren duk suna cikin ikon sifana da guduma da filaya. Boris a warwatse suke cikin gidajensu, ba a rufe suke ba, saboda haka ana iya kwancewa a wanke da kananzir, a sake waɗanda suka cinye, a cika da giris. Hannun feda ɗan ƙarfe ne da ake kira kota yake riƙe da shi, da guduma ake fitar da shi, da guduma ake mayarwa. Sandar birki idan ta lanƙwashe a miƙe ta, idan ta karye a kai wa maƙeri ko mai walda. Gangar jikin ma da yake ƙarfe ce mai kauri tana karɓar walda. Kariyar da ta zo daga masana'anta ba ta ɗaukar buhu, don haka maƙera suka riƙa ƙera wata da rodi. Babu wani sashe na wannan keke da aka rufe wa mai gyara.

Sana'ar tana da ilminta na ciki. Alal misali, kamfanin Raleigh ya yi amfani da tiredi 26 a kowane inci a gidan feda da wuyan keke, alhali sauran masana'antun Ingila suna amfani da 24. Mai gyaran da bai san wannan ba sai ya tilasta kayan wani keke a jikin Rali ya kashe tiredin. Irin wannan sani ba a rubuce yake ba. Yaro yakan zauna wurin maigidansa shekaru, ya fara da buga famfo da wanke boris, ya kai ga faci, daga ƙarshe a ba shi ɗaurin waya, wanda shi ne ma'aunin gwaninta. Yawancin kanikawan babur na farko daga wannan rumfa suka fito.

Ko bayan keke ya mutu sassansa ba sa mutuwa. Tsohon tif yakan zama igiyar ɗaure kaya ko danƙon harbin tsuntsu. Rim yakan koma hannun yara su riƙa garawa. Maƙera da yawa sun maye gurbin zugazugin fata da ƙafar keke mai juya fanka. Kekunan guragu da ake ƙerawa a Kano da wasu garuruwa, da kaca da feda da ƙafafun keke ake haɗa su. Wannan ya nuna cewa fasahar sarrafa ƙarfen keke ta zauna a hannun jama'a sosai.

Sai dai akwai iyaka. Mai gyara yana iya miƙe waya, ba ya iya ƙera ta. Haka kaca da boris da firiwil da rim da bututun ƙarfe, dukkansu sai masana'anta mai injuna da ƙarfe na musamman. Duk gwanintar rumfar mai faci, a kan kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa take tsaye.

6.0 Sauyin Kasuwa

Bayan samun mulkin kai a 1960, manufar gwamnati ita ce a riƙa yin kaya a gida maimakon shigo da su. An sami wuraren harhaɗa keke, kamfanin Raleigh ya yi masana'anta a Kano, Adeola Odutola kuma ya kafa masana'antar tayar keke da tif a Ijebu-Ode. A shekarun 1970 Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Raleigh a duniya. Amma kamar sauran masana'antun harhaɗawa na wancan zamani, aikin ya dogara ga ƙarfe da sassan da ake shigowa da su. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka ba da kwangilarsa a 1979 bai kai ga cika aikin da aka kafa shi domin sa ba. Masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo kuwa rodi da waya na gini aka shirya su yi.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma gindin da keke ya tsaya a kai ya fara girgiza. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya noman da ke saya wa manomi keke. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya ɗaga ma'aikata daga keke zuwa babur da mota. Daga nan keke ya sauka daga alamar ci gaba, ya koma abin hawan wanda bai samu ba.

Da kuɗin mai suka ja baya, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasin. A 1986 gwamnatin Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, aka soke lasin shigo da kaya, aka saki naira. A 1985 dalar Amurka ba ta kai naira 1 ba. A ƙarshen 1986 ta haura naira 3, a tsakiyar shekarun 1990 kuma farashin hukuma ya tsaya wajen naira 22, na kasuwa ya ninka haka. Masana'antar da ke sayen sassa da kuɗin waje ta kasa, keken Ingila kuma ya fi ƙarfin mai saye.

Gurbin da aka bari, Indiya da Sin suka cike shi. A Indiya an kafa TI Cycles a 1949 tare da haɗin gwiwar Tube Investments, aka kafa Atlas a 1951, da Hero a garin Ludhiana a 1956. A Sin an fara Flying Pigeon a Tianjin a 1950, da Phoenix a Shanghai a 1958. Abin lura shi ne duk waɗannan masana'antu fasalin keken Ingila suka ɗauka, da tayarsa ta inci 28 da birkinsa na sanda. Saboda haka taya da kaca da robar birki da aka yi a Ludhiana ko Shanghai suna hawa keken da aka saya tun zamanin En'e. Mai gyara bai sake koyon sana'a ba, mai tsohon keke kuma bai yar da shi ba. Shigo da kayan ya koma hannun 'yan kasuwar ƙasa, ta Legas da Anaca da Sabon Garin Kano, wani kuma ta Kwatano ya ratso ta Jamhuriyar Nijar. A Ingila kuwa an daina harhaɗa keke a masana'antar Raleigh ta Nottingham a 2002, kuma a 2012 wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Accell ya sayi sunan.

Daga shekarun 1990 abokan gasa biyu suka taso. Na farko shi ne babur mai araha daga Sin, wanda ya yaɗa sana'ar acaɓa har ƙauyuka. Na biyu shi ne kekunan gwanjo daga Turai da Japan, masu giya da yawa da birkin waya. Waɗannan sun fi sauƙin nauyi, samari sun fi son su, amma kowane da irin kayansa, kuma sau da yawa idan giyarsa ta lalace sai dai mai gyara ya cire ta ya mai da shi mai giya ɗaya. A ɓangaren roba ma an koma baya, domin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008, alhali ana noman roba a kudancin ƙasar.

Duk da haka, kowane lokaci da abin hawa mai inji ya gagara, keke ake komawa. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi kira ga jama'a su rungumi keke, aka yi masa dariya. Da aka hana babur a Maiduguri a 2011, aka kuma hana goyo a kansa a Kano a 2013, mutane da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Haka aka sake gani bayan cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. Amma da dala ta haura naira 1,000 a 2024, wanda ya gudu daga tsadar mai ya tarar da tsadar taya da tif tana jiran sa a rumfar mai faci.

7.0 Kammalawa

An ga yadda babban keke ya taso daga Coventry da Nottingham, ya biyo layin dogo da cinikin gyaɗa ya shigo ƙasar Hausa, ya fara a hannun ma'aikata, ya bazu zuwa 'yan kasuwa da manoma. An kuma ga cewa sunayen masu ƙera shi sun sauya daga Ingila zuwa Indiya da Sin, amma siffarsa ba ta sauya ba, kuma wannan rashin sauyi shi ya ba masu gyara damar riƙe shi da rai daga uba zuwa ɗa. Harshen Hausa ya ba shi suna da kirari, maƙera sun ƙara masa ƙarfi, dillalai sun ba shi matsayin dukiya.

Abin da bai samu ba shi ne masana'antar da za ta yi kaca da boris da waya da bututun ƙarfe a cikin ƙasa. An gwada harhaɗawa a lokacin da naira ke da ƙarfi, gwajin ya faɗi tare da ita. Yau tsofaffin masu ɗaurin waya suna ƙarewa, yaransu sun koma gyaran babur da keke mai ƙafa uku. Ya kamata masu nazarin harshe da tarihi su tattara kalmomin wannan sana'a da bayanan masu ita tun suna raye. Ya kamata kuma masu tsara manufofin masana'antu su lura cewa kasuwar kayan keke tana nan a kowace kasuwar mako, kuma ma'aunin kayan bai sauya ba tun zamanin En'e.